Man Kaɗen da Na Ɗiba a Akwatin 'Yata

Shekara arba'in da wani abu hannuna yana cikin tattasai, bai taɓa yi mini zafi ba. Tun ina amarya aka kawo ni Geskeru daga Damagaram, maigidana yana da gona a bakin Komadugu. Ni ke shanya, ni ke tsincewa, ni ke fid da ruɓaɓɓe kafin a ɗura a buhu. Baƙo in ya shigo gidan sai atishawa da hawaye, ni kuwa ko a jikina. Tafin hannuna ya zama kamar ƙasan takalmi. Da maigidan ya rasu, tashin hankali kuma ya kore mu daga bakin ruwa, na dawo cikin garin Difa na kama ɗaki biyu da 'yar tsakar gida, na ci gaba da sana'ata. 'Yan kasuwa su kawo buhuna, in tsince, su zo su kwashe. Na fara da maganar hannun nan ne don shi ya faɗa mini abin da na yi wa jikana, a lokacin da idon da nake taƙama da shi bai ga kome ba.

Ban yi lakwal ba, ban taɓa shiga aji ba. Wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Amma ni mai sa ido ce, duk unguwa an sani. In yarinya ta wuce ƙofar gidana da gyale a kafaɗa, kafin ta kai kwana ta mai da shi ka. Da sura nake gane abu, da ƙanshi, da nauyinsa a hannu. Na daɗe ina ganin wannan ya ishe ni.

'Yata ita ce ta fari, ita kaɗai ce mace da ta rayu. Ba na kiran sunanta, ba ma zama hira, haka aka tashe mu. Baƙa ce kamar ubanta, baƙi mai sheƙi wanda in ta yi wanka ta fito rana sai ka sake kallo. Ta yi makaranta har kwaleji, ta auri direban wani proje na masu ba da agaji, ta shiga cikin matan ma'aikata, waɗanda suka zo daga Yamai da Maraɗi, masu biki kowane mako. Shekara guda da auren ta zo gaishe ni, na ga fuskarta ta fi kunnenta haske. Na dubi hannunta. Bayan hannun ya yi ja, gaɓoɓin yatsu kuwa baƙi ƙirin, kamar an ɗiga musu tawada.

Kwana biyu na tafi gidanta, tana madafa tana ɗora mini shayi na ɗaga katifa. Ga su nan a jere: ƙananan tib irin na man goge baki, da kwalaye masu hoton lemo, masu hoton karas, da wata farar mace tana murmushi. Na tattara a bakin zanena na kai masai na zuba, tana tsaye tana kallo da buta a hannu.

Na san abin da nake tsoro. Akwai wata mata a Gagamari da muka yi gudun hijira tare, ta yi shekaru tana wannan shafe-shafe. Kumatunta suka ƙone suka yi baƙi kamar gindin tukunya, in zafi ya yi ba ka iya zama kusa da ita don ƙarni. Da aka yi mata aiki a ciki, ɗinkin ya ƙi kamawa, fatar tana yagewa kamar tsohon zane. Na gani da idona. Shi ya sa na faɗa wa 'yata maganar da uwa ba ta faɗa sau biyu. Na ce, "In na ƙara ganin tib ko kwali irin wannan a ɗakinki, ban yafe miki nonon da kika sha ba."

Ta durƙusa ta yi kuka, ta rantse. Daga baya, don in sanyaya mata, na ba ta gwangwanin madara babba cike da man kaɗe. Mai kyau ne, wani ɗan garinmu mai shago ya sa aka zo mini da shi daga Gaya, don nan ƙasarmu kaɗanya ba ta fitowa, na kasuwa kuwa rabinsa kitse ne da wani abu. Na ce ta shafa wannan, fatarta za ta dawo.

Da cikinta ya kai wata takwas aka kawo ta gidana, tunda haihuwar fari ce, ni zan yi mata wanka. Ta sauko daga mota na ga hasken yana nan, har ya ƙaru. Ta sha lalle tun daga farce har wuyan hannu, ba a ganin gaɓa. Na ce, "Ke, wannan fa?" Ta ce, "Cikin ne, Inna. Kuma ba na fita rana." Matan unguwa suka ce haka ne, cikin namiji yana wanke mace. Ni ban yarda ba. Ranar da ta tafi awo na rufe ƙofa na buɗe akwatinta, na fid da kaya ɗaya bayan ɗaya, na lalube aljihun jaka, na matsa cikin safa da ɗankwali. Tib nake nema, da kwali mai hoto. Babu ko ɗaya. A can ƙasa sai gwangwanina, wanda na ba ta da hannuna, cike kusan har baki.

Wallahi daɗi na ji. Na ce ashe yarinyar nan ta ji magana. Na buɗe na shinshina, man kaɗe ne, sai ɗan ƙanshi a kai, na ce humra ta ɗiga, 'yan matan Difa ko ruwan sha in ka bar su sai sun turara shi. Ya fi yadda na san shi laushi, na ce zafin gari ne. Sai wani tunani ya zo mini: ga jariri yana tafe, ni ba ni da mai na kirki, ita kuwa ta ɓoye wannan a ƙasan akwati tana tattali. Na ɗauko cokali na kwashe rabi na zuba a wani ƙoƙo nawa mai murfi, na lallaɓa saman na gwangwanin ya yi sumul, na mayar da kome yadda na same shi. Ban gaya mata ba. In na gaya mata, ta san na buɗe akwatin.

Ta haihu lafiya a matanite, asibitin haihuwa, namiji. Na karɓe shi na duba saman kunnensa da gindin farcensa, inda ake gane launin da jariri zai zauna a kai. Baƙi. Na ce a raina, maigidan ne ya dawo. Tun ranar nake kiransa maigida.

Wankan jariri aikina ne, safe da yamma. In miƙe ƙafa in kwantar da shi a kan ƙwaurina, in wanke, in gasa cibiya, in miƙar da hannu da ƙafa, sannan in laƙato mai daga ƙoƙon in murza a tafina ya narke. Tun daga maɗiga har tafin ƙafa. Bayan kunne, ƙarƙashin wuya, hammata, matsematsi, babu inda nake bari. Ina shafawa ina yi masa tsiya, ina ce masa miji ba cefane, sai ci da barci. Ban taɓa yin wani aiki da na ji daɗinsa kamar wannan ba, kuma da hankalina nake yi, ba na gaggawa. Abin da yake tashina zaune har yau ke nan. Da ni malalaciya ce, da abin bai kai haka ba.

Maƙwabciyata Babarbariya ce, tsohuwa kamata, katanga guda ta raba mu. Ba ta kirana sai Afuno, yadda suke kiran Bahaushe. Kullum da hantsi takan leƙo da gaisuwarsu ta Barebari.

"Wushe, Afuno. Me kike ba mijin nan naki? Kumatu kamar an cusa masa fanke biyu."

"Nono ne da hannun kaka. Ke naki jikokin kamar karan dawa, don ba ki iya wanka ba."

"To ba shi ni in aura, ke kin tsufa. Dubi fari! A ina kuka samo Balarabe?"

Kowa haka yake faɗa. Jariri yakan zo da haske ya riƙa rinewa, wannan kuwa kullum ƙara washewa yake. Dangin uban suka ce wata kakarsu ya ɗauko, mai jinin Shuwa. Fuskarsa ta yi zagaye kamar faifai, kumatun har sun danne hanci. Mata suna karɓarsa suna cewa tubarkalla, ni ina jin kaina ya yi girma.

Akwai abubuwan da na gani. Ba zan ce ban gani ba. Bakinsa ya yi fari fat a ciki, in na goge da tsumma gobe ya dawo. Wani gashi siriri ya fito masa a goshi da kafaɗa. Jijiyoyin cikinsa suka fito ana gani, kamar ka ɗaga ganye a rana. Rigar da aka sa masa ran suna ta matse shi a ciki, amma tsawonta yana nan inda yake, bai wuce ta ba ko kaɗan. Sannan ƙuraje a matsematsinsa, jajaye, sun ƙi tafiya. Kowanne na ba shi dalili. Ƙurajen na ce zafi ne, na ƙara yawan man a wurin, har da rana tsaka nakan buɗe in shafa.

Aka yi arba'in ba a mai da ita ɗakinta ba, don an tura mijin Ngigmi da aiki. Ni kuma na daɗe ban taɓa tattasai ba, saboda hannun da ke cikin yaji ba ya ɗaukar jariri. Da yaron ya kusa wata biyu wani ɗan kasuwa ya matsa mini, na ce a sauke buhunan a gidan maƙwabciyata, in yi a can, in wanke hannu da toka kafin in shigo gida. Muka baje tabarma da safe, muka zazzage buhu guda, na tsoma hannu kamar yadda na saba.

Ban cika faifai biyu ba na ji kamar na damƙi garwashi. Na yarfe hannu, na ci gaba, na ce rashin yi ne. Zafin ya hau har tsakanin yatsu, idona ya kawo ruwa. Na tashi na tsoma hannuwan a randa. Maƙwabciyata ta zo tana dariya ta kamo su ta juya a rana.

"Afuno! Da tsufanki? Wa kike nema, limamin unguwa? Ai yana da huɗu."

Na duba. Daga wuyan hannu zuwa sama launina ne. Daga nan zuwa ƙasa ya yi ja-ja kamar na sa safar hannu, fatar ta yi laushi tana ƙyalli, gaɓoɓin yatsu kuwa baƙi ƙirin. Kullum hannun nan yana gabana, a ɗaki mai duhu nake aiki da shi, ban taɓa tsayawa na dube shi ba. Na san waɗannan gaɓoɓin. Na gan su a hannun 'yata. Ni kuwa ba na shafa kome a duniya, ko kwalli na bari tun rasuwar maigida. Abu guda ne kawai yake taɓa tafina safe da yamma.

Maƙwabciyata ta ga fuskata ta daina dariya. Ban san yadda na zagaya na shiga gida ba. 'Yata tana zaune bakin gado tana ba shi nono. Na ɗauko ƙoƙon na ajiye a gabanta.

"Ke. Me ke cikin gwangwanin da ke ƙasan akwatinki?"

"Man kaɗen da kika ba ni ne, Inna."

"Shi kaɗai?"

Na miƙa mata hannuwana biyu. Ta dube su, ta dubi ƙoƙon, ta ce a hankali, "Inna, shafawa kika yi?"

"Rabinsa na kwashe tun ba ki haihu ba. Shi nake shafa wa yaron nan."

Ban taɓa jin ƙara irin wadda ta yi ba. Ta cire shi daga nono ta ɗaga shi tana juyawa, tana duba cikinsa, bayansa, tana cewa wayyo Allah, wayyo Allah. Da ƙyar na fahimci abin da take faɗa. Tib huɗu ne aka matse a ciki, da wani ruwa na kwalba marar takarda, wata mai haɗa mai ce ta haɗa mata a gida, 'yata da kanta ta ce a zuba a gwangwanina don na san shi ba zan zarge shi ba. Ta ga man ya ragu, ta ji tsoron tambaya. Ta sha jin ƙanshin a jikin yaron, ta ɗauka daga jikinta yake ɗauka.

Ban doke ta ba, hannun ma ba zai doku ba. Na yi abin da na iya. Na kwashi ƙoƙon da gwangwanin na kai masai na juye, na jefa su a kai. Na dafa ruwa na wanke yaron da sabulun salo har sau uku yana tsala ihu. Na ce mata ba mai jin wannan magana, ko mijinta, ko maƙwabciya. Kunya ce ta sa, ba wani abu ba. Yaya za a ji cewa ni, mai gyara 'ya'yan mutane a hanya, ni na yi wa jikana bilicin? Na ɗauka tunda na zubar, an gama.

Washegari jikinsa ya yi ja kamar tattasan da na bari a tabarma. Kwana biyu fatar ta fara saɓulewa a wuya da cinya, yana kuka ba ya tsayawa. Na ce dafin ne yake fita. Kwana na uku ya yi amai sau biyu. A na huɗu da safe kukan ya tsaya. Na ɗauke shi zan yi masa wanka, kansa ya faɗa baya, hannuwansa suka zube kamar jiƙaƙƙen tsumma. Uwar ta sa masa nono, bai kama ba. Maɗigarsa ta faɗa ciki. Gari da zafi kamar tanda, ƙafarsa sanyi ƙalau. Idonsa a buɗe kaɗan, ba ya kallon kowa.

Na binne 'ya'ya uku a Geskeru, na san yadda jikin yaro yake yi in zai tafi. Na tsaya da shi a hannu a tsakar gida, na kasa gaba na kasa baya. Maƙwabciyata ce ta leƙo ta katanga, ta ga yadda yake reto. Ba ta ce wushe ba.

"Afuno, wannan ba na hayaƙi ba ne, ba na rubutu ba. Ɗauki mayafi."

Ita ta tare mana keke mai ƙafa uku. Duk hanyar asibiti yatsana yana kan ƙirjinsa, in ji bugun in rasa, in sake ji.

Lokotoron da muka samu, wato likitan, matashi ne daga yamma, Hausarsa da ɗan karkace. Ya dubi kumatun, ya ɗaga rigar ya dubi cikin, ya shafa gashin goshin da babban yatsa. Ya ce, "Mama, me kuke shafa masa?"

Bakina ya ce, "Man kaɗe." Har a wannan lokacin. 'Yata ta sunkuyar da kai. Na dubi yaron a kan tebur, ƙirjinsa yana ɗagawa da ƙyar, sai na ɗora hannuwana biyu kusa da shi, bayansu a sama. Lokotoro ya dube su.

"Tun yaushe?"

"Tun ran da aka haife shi. Safe da yamma."

"Yaushe kuka daina?"

"Yau kwana huɗu."

"Gaba ɗaya? Rana guda?"

"Na zuba a masai."

Ya runtse ido, ya faɗi wani abu da Faransanci, majo, mai jinyar da ke gefensa, ta fita da gudu. Suka shiga neman jijiya, a hannu babu, a ƙafa babu, sai a kai suka samu. Aka yi masa allura, aka ɗaura ƙarin ruwa. Da suka zo gyara filastar da suka fara liƙawa a hannunsa, ta taso da fata. Ko motsi bai yi ba. Ni na yi ƙarar.

Sai da la'asar lokotoron ya zauna ya yi mana bayani, bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce abin da ke cikin irin waɗannan tib magani ne mai ƙarfi na ciwon fata, babba ake ba ya shafa a wuri kaɗan na 'yan kwanaki. Fatar jariri kuwa shanyewa take, ya shiga jini. Jikin mutum yana yin irin wannan abin da kansa, kaɗan-kaɗan, shi ke riƙe shi in ciwo ya zo. Da jikin yaron ya ga ana zuba masa daga waje, sai ya bar yin nasa. Kumatun nan da ake yabo ba ƙiba ba ce. Da muka yanke rana guda, babu na waje, babu na ciki.

Na gane. Tattasan da ya saba da injin ban-ruwa saiwarsa ba ta nitsawa. In injin ya mutu a tsakiyar zafi, kwana uku gonar ta kwanta. Na ga maigidana ya zauna a bakin irin wannan gonar ya rufe fuska. Wato sau biyu na cuci yaron nan, da shafawa da zubarwa, kuma duka biyun ina ganin gyara nake.

Ya tambayi sunan tib ɗin, 'yata ta nuna masa hotonsu a waya. Ya ce waɗannan ya san su. Ya ce, "Ruwan kwalbar nan ne ban sani ba, Mama. Wasu suna zuba abin da ke taɓa ƙoda, wasu abin da ke taɓa ƙwaƙwalwa. Da kun kawo sauran man, da an nemi yadda za a duba." Sauran man yana ƙasan masai, ni na kai shi.

Kwana biyu yana kwance bai ce uffan ba. Muna zaune a tabarma ƙarƙashin itacen bedi a harabar asibiti, muna shiga bi da bi. A nan ne 'yata ta yi mini magana irin wadda ba ta taɓa yi ba, idonta yana kan ƙasa.

"Inna, da kin tambaye ni."

"Da na tambaye ki, za ki faɗa?"

Ta ce, "A'a."

Muka zauna. Can na ce mata, "Maganar nono da na yi, na janye. Duk abin da ya faru da yaron nan, na janye." Ban dube ta ba, ita ma ba ta dube ni ba, amma na ji ta matso har kafaɗarta ta taɓa tawa.

Mijin ya iso daga Ngigmi a rana ta biyu. Na tare shi a bakin ƙofa tun bai ga matarsa ba, na ce ni na shafa, da hannuna, na nuna masa. Ya tsaya yana juya makullin mota. Ya ce, "Ni fa Inna ban taɓa ce mata ta yi fari ba." Na ce, "Ka taɓa ce mata ta bari?" Surukina ne, ban taɓa yi masa magana mai tsawon wannan ba, ban kuma ƙara ba.

A rana ta uku da hantsi ina alwala a famfo na ji kuka daga ɗakin yara, siriri, kamar na ɗan akuya. Yara goma ne a ɗakin, amma na san nawa. Na bar butar tana zuba. Na same shi ya kama nono yana ja, yana saki yana kuka, yana sake kamawa.

Da aka sallame mu, magani aka ba mu irin abin da ya cuce shi, na sha, a riƙa ragewa sannu-sannu har jikinsa ya tuna da aikinsa. Na ce ban iya karanta lambar sirinji ba. Majo ta ɗaura mini zare a daidai inda zan tsaya, duk mako in muka koma ta kwance ta matsar da shi ƙasa. 'Yata ma an ce kada ta yanke nata shafin rana guda, aka ɗora ta a kan hanya. Ta sha wuya, fuskarta ta yi dabbare-dabbare wata da watanni, ta daina zuwa biki. Har yau akwai tabo biyu a kumatunta da ba su tafi ba.

Kumatun yaron suka saɓe. Masu zuwa dubiya suna cewa ayya, ya rame, ya yi baƙi. Ni kuwa kullum da safe sai in kai shi bakin ƙofa in duba, in ga baƙin ya sauko daga kunne ya kama wuya, ya kama ƙirji, in ce alhamdu lillahi. Maƙwabciyata ta ce ta fasa auren, tunda Balaraben ya koma Afuno.

Yanzu shekararsa biyu da rabi. An duba fitsarinsa sau da yawa ba a ga kome ba, amma ba wanda ya ce mini an gama. Akwai wasu layuka farare a cinyarsa da lokotoro ya ce ba za su tafi ba. In zazzaɓi ya kama shi, ko ɗan kaɗan ne, ba na jiran rana ta yi, asibiti muke yi. Kuma ya fi sa'o'insa gajarta. Lokotoro ya ce mai yiwuwa ya kamo su, a dai riƙa aunawa.

Hannuna ya koma yadda yake, ina tsince tattasaina. A gidan nan ba a shafa wa yaro abin da ban ga an buɗe shi sabo a gabana ba, kuma in an kawo mai takarda, sai 'yata ta zauna ta karanta mini abin da aka rubuta tun daga sama har ƙasa, wanda ba mu gane ba mu kai farmasi mu tambaya. Ban ƙara buɗe akwatinta ba.

Duk Juma'a uwarsa takan kawo mini shi. Kafin ya ci kome sai in tsai da shi jikin ƙyauren ɗakina, in danna dugadugansa ƙasa don yakan yi ɗage, in ɗora faifai a kansa in ja layi da gawayi. Akwai watan da layukan suka hau kan juna har na daina cin abinci. Juma'ar da ta wuce na ja, na matsar da shi na duba. Tsakanin sabon layin da na watan jiya yatsana ya shiga, a kwance. Na sake tsai da shi na auna, don ban yarda da idona ba. Ya ce, "Kaka, sake ni, ƙosai." Na ce, "Tsaya tukuna, maigida." Na kira uwarsa ta zo ta sa nata yatsan.